Sunan Uwa a Bakin Kurmi

Rana ta kusa faɗuwa Mama ta aike ni in kira yayana Selwin daga kurmin saman ƙauyenmu. Kurmin nan shi kaɗai ya rage a wannan ɓangaren na tsibirin Isabel, sauran duk kamfanin katako ya kwashe. Tun safe Selwin yake can da gwangwanin jan fenti, yana shafa wa bishiyoyin da kamfanin zai sare. Raina a ɓace na tafi.

A wurinmu ƙasa ta uwa ce. Ba a shiga kurmin sai an tsaya an faɗi sunan uwa da na kaka, don masu wurin da ido ba ya gani su san jininsu ne ya zo. Na faɗa, na shiga.

Na same shi gindin wata bishiya da mutum goma ba za su rungume ta ba.

"Yaya, ka gabatar da kanka kuwa?"

"Na ce ɗan Ambrose ne. Ke dai kin cika ƙauyanci."

Ambrose babanmu ne, mutumin tsibirin Malaita, baƙo a nan. Zaman birnin Honiara ya mantar da Selwin komai.

Sai kwaɗi suka yi tsit. Ƙoramar da ke gefenmu ma na daina jin ta. Warin ɗanyen itace ya taso, alhali ba a sari komai ba.

Ganye ko motsi, amma wani abu yana numfashi a samanmu, a hankali.

"Merilin," ya ce da raɗa, "wa ya dafa ni?"

Na leƙa bayansa. Jan layi a rigarsa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, fentin yana ɗiga. Gwangwanin a rufe yake.

Ƙasa ta fara motsi, saiwoyi suna matsowa.

Na cafke hannunsa, na ɗaga murya: "Ɗan Hilda ne! Jikan Rosina!"

Numfashin ya tsaya. Muka kwasa da gudu har bakin teku.

Selwin bai sake taka wurin ba. Ni kuwa na bi gida-gida ina faɗin abin da na gani, dattawa suna gyaɗa kai kawai, sun riga sun amince a sare kurmin. Kamfanin ya kawo ma'aikata daga wata ƙasa, waɗanda ba su jin komai. Kafin Kirsimeti tudun da kurmin yake ya zama jar ƙasa, ƙoramar ta koma taɓo.

Har yau haushi nake ji. Ba wanda ya tambayi inda masu wurin za su koma. Gidajenmu a kan dirkoki suke, kuma yanzu da almuru numfashin daga ƙarƙashin daɓe yake fitowa.