Gurabe Shida a Gidan Tarihi

Da hantsi Hajiya Habsatu ta shigo komisariyar 'yan sandan Matameye, ta ƙi zama a kujerar da aka ba ta. Sufeto Muntaka ya ɗago kai daga tarin takardu. Shekararsa ashirin da uku yana wannan aiki, gwiwa na damunsa, ga zafin bazara, ga ba wuta tun asuba.

"Mundayen kakata aka sace," in ji ta. "Na azurfa, guda biyu. Shekara tara ke nan da na kai su gidan tarihi da hannuna. Jiya na kai 'yata da ta zo daga Kano ta gani, aka ce wai ban taɓa kai komai ba."

"Wa ya ce haka, Hajiya?"

"Mushe Idrisa."

Muntaka ya aje biro a hankali. Mushe Idrisa, wato Malam Idrisa, shi ne ya koya masa karatun boko a lakkal ta Kance. Bayan ya bar koyarwa ya kafa ƙaramin gidan tarihin Matameye, ɗaki uku a bayan tsohuwar tasha.

Ya hau motonsa mai ƙafa biyu ya tafi.

Ya tarar da tsohon a bakin ƙofa da carbi. Suka gaisa gaisuwar malami da ɗalibi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Hajiya ta manyanta, Muntaka. Wataƙila Damagaram ta kai su. A duba ordinata, babu sunanta."

"Littafin rajista fa, Mushe?"

"Gara ta ci rabinsa. Shi ya sa muka ɗauki yarinyar nan ta kwashe sauran ta zuba a na'ura. Ni ko kunna ta ban iya ba."

Yarinyar ita ce Ummu Salma, matar aure mai kimanin shekara talatin, tana zaune a ɗakin ciki gaban ordinata mai aiki da hasken rana. Ta buga sunan Hajiya Habsatu. Babu. Ta buga sunan kakar. Babu.

Muntaka ya zauna bisa wani akwati yana matsa gwiwa.

"Kowane kaya me kike rubuta masa?"

"Lamba, suna, garin da ya fito, wanda ya kawo, inda aka aje shi, sai hoto."

"In mutum ya so ɓatar da kaya, zai iya share lambar gaba ɗaya?"

"A'a, yallaɓai. Lambobin a jere suke, na'urar ba ta yarda."

"To bar neman abin da aka rubuta. Nemo mini inda ba a rubuta komai ba."

Ta dube shi. "Ai ni ba na barin gurbi fanko. In ban san abu ba, sai in sa 'ba a sani ba'."

"Nema dai."

Ta danna. Cikin kaya ɗari uku da goma sha biyu, shida suka fito. Kowanne yana da lamba da suna kawai, sauran guraben wayam. Takobi ɗaya, allon zayyana ɗaya, zanen saƙi biyu, tukunyar tagulla, sai lamba tamanin da takwas: mundaye.

Ummu Salma ta dafe ƙirji. "Wallahi na cika su. Takobin nan ma ni na ɗauki hotonsa, daga Kance ya fito, kubensa ja ne."

"Na'urar tana nuna ranar da aka taɓa su?"

Tana nunawa. Duka shidan rana ɗaya aka taɓa su, sha huɗu ga watan jiya.

"Ranar ina Damagaram, na kai innata asibiti. Takardar tana jakata."

Ya karɓa ya duba. Kwanan watan ya yi daidai.

"Ban da ke wa ya san kalmar buɗe na'urar?"

Ta mayar da takardar cikin jakarta.

"Na rubuta wa Mushe a takarda, don ko ta-kwana."

Muntaka ya fita bayan gidan inda Illa mai gadi ke gyara tabarmarsa a inuwar dogon yaro.

"Ranar sha huɗu wa ya shigo nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ina nan tun safe har magariba."

"Ranar kasuwa ce fa, Illa. In na tambayi mahauta ba wanda zai ce ya gan ka?"

Illa ya sosa ƙeya. "Na ɗan leƙa. Mushe ne ya ce in je in huta."

"Ya saba sallamarka haka?"

"Bana dai sau uku ko huɗu. Kullum in wani baƙo mai farar mota ya zo."

Sufeton ya daɗe tsaye a inuwar. Da zai yiwu, da ya hau motonsa ya koma komisariya ya rubuta cewa ba a gano komai ba. Ya share gumi ya koma ciki.

Ya kira Mushe Idrisa ɗakin na'urar, ya nuna masa layuka shidan.

Tsohon ya gyara tabarau. "Kuskuren yarinya ne. Ta buɗe lambobi ga kayan da babu su. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

Idon Ummu Salma ya kawo ruwa.

"Shi ke nan, Mushe. Bari in rubuta a rahotona." Muntaka ya fito da ƙaramin littafi yana rubutu yana faɗa da ƙarfi, kamar ɗan aji. "Lamba ɗari da arba'in da bakwai. Takobi. Daga Ɗan Barto."

"Kance," in ji tsohon.

Shekara talatin da biyar yana gyara wa yara kuskure, bakinsa ya riga shi.

"Gurbin gari fanko ne, Mushe. Ta yaya ka san inda kayan da babu shi ya fito?"

Mushe Idrisa ya cire tabarau ya nemi kujera ya zauna.

"Damina biyu rufin nan yana yoyo a kan kaya," in ji shi. "Ba ofishin da ban kai takarda ba. Wata guda yakan wuce ba wanda ya leƙo mu. Da mai farar motar nan ya zo, na sayar masa da tukunyar, na sayi kwano na rufe ɗakin tsakiya."

"Sauran biyar fa?"

"Sauran..." Ya girgiza kai. "Rufi ya riga ya gyaru. Na gaji ne kawai, Muntaka. Na ga ba mai tambaya."

"Har ka yarda a ɗora wa Ummu Salma?"

Ya juya wajenta. "Ki yafe mini, 'yata."

Ta kau da kai.

Muntaka ya karɓi sunan baƙon da lambar wayarsa, ko da yake ya san kayan sun daɗe da tsallake iyaka, kuma shi zai je ya faɗa wa Hajiya Habsatu haka. Ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a nan.

"Tashi mu je, Mushe."

Tsohon ya ciro zoben makullai daga aljihu ya aje gaban Ummu Salma. Sun kai bakin ƙofa ta yi magana.

"Yallaɓai, me zan sa a guraben?"

Mushe Idrisa ne ya amsa, bai waiwayo ba.

"Mayar da sunayen masu kayan, duk kin san su. A gurbin inda aka aje, ki rubuta Idrisa ya sayar."

Muntaka ya bar moton a hannun Illa. Suka bi gefen titi a ƙasa, a hankali, saboda tsohon ba ya iya sauri. Masu shaguna suna ta ɗaga hannu suna gaida Mushe, yana amsa wa kowa da sunansa har suka isa komisariya.