Kujerar Gwaggo Kulu

Safiyar Litinin Afra'u na tsaye a bakin titin Rano zuwa Kano, ga tsofaffi biyu kusa da ita, tana ƙirga motocin da ke wuce su. Goma sha ɗaya, kowacce mutum ɗaya tal a ciki. Ta goma sha biyun ce ta rage gudu saboda rami.

"Malam!" ta ɗaga murya. "Kujeru huɗun nan, aljanu ka ɗauko?"

Mai motar, Uzairu, ya taka birki, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. Har tsofaffin ya kwasa.

Awa guda suka yi a cunkoson Na'ibawa. Afra'u ta nuna masa ta taga.

"Duba dai. Kowa shi kaɗai a akwatin ƙarfe, yana tsaki. Ai mu ne cunkoson."

Bai ji rabin maganar ba. Idanunta yake kallo ta madubi.

Bayan mako biyu saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, yau abokan aiki uku na ɗauka. Kujerar gaba kuwa taki ce, na hana kowa."

Ta mayar masa: "Ba wa tsoho ita, Direbana. Tawa tana cikin zuciyarka."

Da maganar aure ta taso, a Durba, garin su Afra'u, aka samu tangarɗa. Ɗayyabu, ɗan kasuwar da ya daɗe yana neman ta, ya gaya wa mahaifinta, Alhaji Habu, cewa yaron ɗan kabu-kabu ne, shi kuwa mota talatin zai jera ranar kai amarya. Alhaji ya bincika, ya gane Uzairu ma'aikaci ne. Amma maganar jerin motocin ta zauna masa.

"In ba mota ishirin, a bar zancen," ya aika wa Uzairu.

Uzairu ya fara yawon aron motoci. Afra'u na ji ta kira shi.

"In ka jera su, ka nemi wata amaryar ka saka."

"Zan rasa ki fa, Afra'u."

"Bar ni da Baba."

Ta je ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ranar bikin Yaya Ramatu mota nawa aka jera?"

"Ishirin da biyar," ya ce, yana gyara zama.

"To wa ya raka ta ɗakinta?"

Alhaji ya tuna. Ranar, kowane mai mota abokinsa ya ɗauka ya ja. Gwaggo Kulu, yayarsa, wadda ta raini Ramatu, a ƙofar gida aka bar ta da ƙullinta a hannu. Tun daga nan ba ta sake taka gidan ba.

"Bas biyu nake so, Baba, a cika su. Mai cewa mun talauce ya ce."

Ya daɗe yana kallon ta.

"Wannan bakin na mahaifiyata ne," ya ce. "Tashi. Ni zan je in ɗauko Yaya Kulu da kaina."

Ranar Asabar bayan la'asar bas biyu suka tashi maƙil, guɗa na tashi ta tagogi. Alhaji ya duba ƙofar gida, ba a bar kowa ba. Gwaggo Kulu na kujerar gaba, ta miƙo hannu ta riƙe na amarya.

"Allah ya yi muku albarka, ya cika gidanku yadda kuka cika motar nan."

Wayar Afra'u ta motsa ƙarƙashin mayafi. Uzairu ne: "Amaryata, kujera nawa ta rage?"

Ta share hawaye ta rubuta: "Ko ɗaya."