Teburin Marigayi a Bangon Kanti

"Mama, ba a shiga haka..."

"Matsa min, ɗan nan! Ba saye na zo ba!"

Na ture hannun maigadin na shige kantin tufafin. Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, madubi ko'ina, riga uku kacal a rataye, sai ka ce ɓarayi sun kwashe sauran. Wai haka masu kuɗi ke so.

Sai na hango shi. Teburin marigayi mijina. Tela ne, shekara arba'in yana yanka a kansa. An tsaga shi gida uku, an kafe a bango, an sa fitila a ƙarƙashi, an ɗora wa kowane yanki takalmi ƙafa ɗaya. Takalmi!

Wanda ya yi aikin yana nan tsaye, saurayin Autata, mai tsara wa kamfanin tufafin nan cikin kantunansu. Ita ma tana gefensa. Wata biyu ya rage bikinsu.

"Umma..." in ji ta.

"Ke rufe min baki. Kai nake tambaya. Ba aron sati ɗaya ka ce ba? Ba hoto kawai za a ɗauka ba?"

Ya durƙusa har ƙasa. Ladabi kam kamar a kwasa da cokali.

"Umma, karrama Baba na yi. Manyan mutane ne za su riƙa ganin aikinsa. Yanzu abu mai tarihi ake yayi."

"Da zarto ake karrama mutum a gidanku?"

Na kai hannu kan katakon. Na san kowane rauni a jikinsa: inda almakashi ya ci, inda dutsen guga ya ƙona ranar da aka zo masa da albishir na haifi Auta. Sai na ji yatsuna na faɗawa wasu ramuka da ban sani ba. Ga su nan birjik.

"Wannan fa? Wa ya yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Masu kamfanin ne suka ce bai tsufa sosai ba. Sai muka ƙara masa... da ƙusa da sarƙa. Haka ake yi a aikinmu."

Shekara arba'in bai tsufa ba! Na shafa, na sake shafawa, wallahi na kasa rabe sawun mijina da na ƙusarsu. Ƙunan dutsen gugar ma sun yi masa 'yan'uwa har huɗu.

"Kin sani?" na tambayi Auta.

Hawaye kawai.

"Na ce kin sani?"

"Bayan an yanka na sani, Umma... Na ji tsoron faɗa miki. Ina son shi, Umma, wallahi ina son shi!"

"To ki so shi. Amma ko ni ko shi, daga yau. Kai kuma ka sauke min katakona kafin in tara maka jama'a a ƙofar nan!"

Ya juya gare ta. "Rabin raina, ki yi mata magana..."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye kusa da takalmin, ta riƙo hannuna muka fito. Hannun nan sanyi ƙalau.

Bayan kwana uku ya kawo katakon da kansa. Na ji an ce kamfanin ya sallame shi saboda cire su. Ya jingina su a tsakar gida, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta. Labule bai motsa ba. Ya tafi.

Kafinta biyu na kira, duka suka ce ba zai haɗu ba, an rage faɗinsa.

Auta kuwa tana dafa min abinci, tana wanke min kaya, tana gaishe ni safe da yamma kamar baƙuwa. Ta rame, duk wuya ya fito. Jiya na kasa daurewa.

"Ke Auta, ni fa katakona na je karɓa. In kina son yaron nan ki kira shi."

Ta dube ni, idonta a bushe.

"Na kira shi, Umma. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ke ba har abada. Ya bar garin."

Ta ɗauki bokitin wanki ta wuce.

To ku da kuka yi karatu ku faɗa min: an cuce ni ko ba a cuce ni ba? In an cuce ni, me ya sa ni ce nake jin kunyar shiga ɗakin 'yata?