Madubi a Wutsiyar Jirgi

Kan Wulan ya sake sauka a kafaɗar Sahrani.

Masniah, budurwar Sahrani, ta gani sarai, ko da yake baya ta ba su. Ɗan madubin hodarta na ɓoye a tafin hannunta.

Haka 'yan sa kai suke ƙirga pesut a kogin Mahakam. Biyu su zauna a gaban jirgi baya da baya, kowa da gaɓarsa. Ɗaya kuma a wutsiya, tana duban inda aka baro, don pesut, dabbar ruwan nan dangin dolfin mai goshi kamar kifaffiyar ƙwarya, ya fi son ɓullowa bayan inji ya wuce. Ba a waiwaye. Inda aka ga ɗaya sai a kafa jan ƙyalle, masunta su ɗage raga.

Wulan, ɗalibar da ta zo daga birnin Samarinda, ita ta raba wuraren zama.

"Kak Sahrani, wuyana ya gaji..." in ji ta, murya a narke, tana kiransa yaya da yarensu.

"Dubi gaɓarki, Wulan."

"Ai ina dubawa. Bayanka ne da daɗin jingina."

Masniah ta cije leɓe. Wani abu ya yi numfashi a ruwa, kusa da ita, irin na tsohon da ya hau tudu. Ta ji. Ba ta ɗauke ido daga madubin ba.

A mashigar tafkin Semayang aka yi haka, daidai inda ragar Abah, mahaifin Masniah, take. Ba a kafa ƙyalle ba.

Da azahar suka tsaya cin shinkafa da busasshen kifi a rumfar da ke yawo kan ruwa. Sahrani ya turo wa Masniah farantinsa, ya kira ta da sunan ƙauna.

"Ding, ba ki ci komai ba."

"Ka ba mai ciwon wuya."

"Masniah..."

"Saboda kai nake shan faɗan Abah kullum. Ya ce ba zai ba da ni ga yaron da ke koya wa masunta inda za su sa raga ba. Ni ina can ina kare ka, kai kana nan ka zama matashin kai."

Wulan ta yi murmushi tana tsame ƙaya. "Mai ido ake sawa a baya, Kak Masniah. Yabo ne."

"Na gode. Allah ya ba wuyanki lafiya."

Sai suka ji ana dukan kwalekwale da filafili, ba tsayawa. Daga mashigar tafki ne.

Abah suka tarar ya duƙa har ƙirjinsa na taɓa ruwa. Hannu ɗaya ya tallabo jaririn pesut don ya sha iska, ɗayan yana yanka ragar da ya kwashe damina yana saƙawa. Uwar tana ta zagaye kwalekwalen, tana tofo ruwa sama kamar mai zagi. Sahrani ya faɗa kogi da kayansa, ya zare zaren da ya naɗe wutsiyar. Jaririn ya yi shiru a hannunsu, har Masniah ta fara salati.

Can ya motsa. Ya sulale ya manne da uwarsa.

Abah ya ɗago, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Ina jan ƙyallen naku?"

"Mai duban baya za a tambaya, Pak," in ji Wulan, tana kiransa da lakabin girmama dattijo.

Masniah ta buɗe tafin hannunta. Madubin ya yi walƙiya.

"Na ji numfashinta, Abah. Ban duba ba." Hawaye ya zubo mata. "Su nake kallo."

Sahrani, yana riƙe da gefen jirgi, ya yi 'yar dariya.

"Na sani, Ding. Tun safe haskensa ke dukan gefen idona. Ba halin waiwaye, sai na yi ta matsawa. Tana jingina ina matsawa, har ƙafata ɗaya ta koma cikin kogi. Haka na wuni, kifi na cizon yatsuna."

"Ban ga wannan ba..."

"Madubinki ƙarami ne, masoyiya. Kafaɗa kaɗai yake ɗauka."

Wulan ta sami abin kallo a can gaɓa.

Al'adar 'yan ƙirga ce, wanda ya fara ganin sabon haihuwa shi ke raɗa masa suna. Sahrani ya faɗa wa Abah haka.

"Ni? Ni da ya cinye min raga?"

Ya dubi inda uwa da ɗa suke nitso tare. Ya dubi 'yarsa.

"Ku sa masa Kishi," ya ce. Sannan ya nuna Sahrani da wuƙar. "Kai, ka iya saƙa?"

"A'a, Pak."

"Gobe ka zo ka koya. Wannan ragar kai za ka ɗinke ta. In ka gama, ka turo manyanka."

Bayan biki Masniah ta koma gaban jirgi, bayanta a bayan mijinta. Wulan ce a wutsiya, kuma an ce idonta da kyau.

Madubin yana ƙasan mashigar tafki, inda Masniah ta sake shi ranar. Masunta sun ce akwai wani ɗan pesut da ke yawan tsayawa a wurin, yana juya kai a hankali, kamar mai son ganin wanda ke bayansa.