Hannun da Ke Riƙe da Sirdi

"Ka cire hannunka! Wallahi ka cire!"

Auta ce ke faɗa, tana durƙushe a filin da ke bayan shagon kekuna. 'Yarta Kanari na jikinta, jini na ɗiga daga haɓarta zuwa wuyan riga. Ɗan jan keken yana kwance a gefe, tayar baya na ta juyawa ita kaɗai.

"Ranki ya daɗe, ki saurare ni..."

"Da idona na gani! Tana cewa Kawu kana riƙe? Kana cewa ina riƙe, ina riƙe... alhali hannayenka biyu suna bayanka!"

Mai Keke ya tsuguna, duk ya ruɗe.

"Ai haka ake koyarwa. Ni ma haka aka yi mini. In yaro ya san babu kowa a bayansa, tsoro ne zai kayar da shi. Ta yi nisa ita kaɗai fa, waiwayen da ta yi ne kawai..."

"Ta waiwaya ta ga ba ka nan."

Kanari ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuskarta.

"Umma, Kawu ƙarya ya yi mini."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ya miƙa hannu zai taɓa ta, ta maƙale kafaɗa.

Auta ma'aikaciyar jinya ce, jakarta ba ta rabo da auduga da filasta. Nan take ta wanke ciwon ta rufe. Ciwon bai kai a yi ɗinki ba.

"Bari in fito da mota in kai ku gida."

"Bar abarka, Malam. Ƙafafunmu lafiya lau."

Ta saɓa 'yarta, ko waiwaye babu.

Wanda bai san Auta ba zai ce ta cika zafi. Amma titi ne ya cinye mata miji, Kanari tana goye, wata babbar mota ta bi ta kansa yana tsallakawa. Tun daga ranar ko ƙarar birki ta ji sai gabanta ya faɗi. Ta koma gidan mahaifiyarta da zama, ta rufe zuciyarta ruf.

Mai Keke ne ya buɗe ta, shi ma ba da gangan ba. Shagonsa na kan hanyar makarantar Kanari. Yana sayar da kekuna, yana gyara, yana ba da haya. Kowace safiya yakan sa riga mai ɗaukar ido ya ja ayarin yara da iyayensu a kan kekuna ta cikin lunguna har ƙofar makaranta, shi a gaba, wani uba a baya. Yana da wata 'yar mota da mutanen unguwa ke kira kwalin ashana, ba ya fito da ita sai ana ruwa ko in akwai kaya. In an zolaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Mutum ɗaya, kujera bakwai, a tare titi a hana kowa wucewa? Ni dai kunya nake ji."

Kanari, wadda surutunta ya ja mata wannan suna, ita ta fara maƙale masa. Daga gaisuwa aka koma hira, daga hira aka kai inda har ya aiko a sanar da Inna, mahaifiyar Auta, yana son ya zo neman aure.

Sai ga wannan faɗuwar.

Suna shiga gida, matar yayan Auta ta yi tsalle ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Inna, fito ki ga abin da mai facin taya ya yi wa jikarki!"

"Anti, faɗuwa ce kawai," in ji Auta a gajiye.

"Yau haɓa, gobe kuma ina? Ina ce kan titi yake jan 'ya'yan mutane kamar agwagi?"

Inna ta fito tana dafa gwiwa, ta ɗaga fuskar yarinyar ta duba.

"Auta, titi ya ci mini suruki. Ba zan ba shi jika ba. Maganar mutumin nan a bar ta."

Auta ba ta yi musu ba. A zuciyarta ma ta riga Inna yanke hukunci. Ta toshe lambarsa, ta ce wa Kanari, "Kada in ƙara jin sunan Kawu a gidan nan."

Ita kuwa Anti faɗuwa ta zo daidai da zama. Tana da wa mai kuɗi, wanda ya daɗe yana kewayar Auta, kowa Mai Jif yake ce masa. Bai ɓata lokaci ba ya bayyana, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

Ya ce wa Inna, "Hajiya, daga yau direbana ne zai riƙa kai yarinyar nan makaranta yana ɗauko ta. Gilashi a rufe, sanyi na busa ta. Wace ce za ta hau keke ana zaune ƙalau?"

Inna ta yi ta sa albarka. Auta ta yi godiya, da gaske kuma take yi. Aikin asibiti ba ya barin ta ta ɗauko 'yarta da rana, ga shi an sauke mata nauyi.

Sai dai jif ɗin ba ta shiga lungunsu, ta fi ƙarfinsa. Da safe Auta ke raka yarinyar bakin titi tun da duhu-duhu, don in ba a fita da wuri ba cunkoso zai riƙe su. Makarantar da ayarin kekuna ke isa kafin shayi ya huce, sai motar ta zagaya rabin gari. Kanari ta fara dawowa a galabaice, surutun ma ya ragu.

"Lafiya, 'yar Umma?"

"Lafiya."

Shi ke nan. Kanari da ba ta gajiya da labari!

Wata rana aka sallami Auta da wuri. Ta hau bas, bas ya zo daf da unguwarsu ya cake a cunkoso. Tana kallon waje ta taga sai ta hango jif ɗin a ɗaya hannun titin. Motar ta tsaya. Ƙofa ta buɗe. Kanari ta diro, direban ya miƙo mata jakarta ta taga, ya ja motarsa ya yi gaba.

A can tsallake!

Tsakanin yarinyar da bakin lungunsu, titi ne mai faɗi, motoci da babura na kutsawa ta duk inda suka ga kafa.

"Kwandasta, buɗe mini! Buɗe, 'yata ce!"

"Hajiya, a tsakiyar titi?"

Ta ture shi ta dira, takalminta ɗaya ya fita ba ta sani ba. Tana kiran sunan 'yarta, hon ya cinye muryar.

Sai ta ga rigar nan mai ɗaukar ido.

Mai Keke ne jingine da sandar fitila, kamar wanda ya daɗe yana jira. Ya turo kekensa ya tsaya gefen yarinyar. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ta dai ɗora hannu ta riƙe kariyar keken. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya shiga titin a hankali, keken da jikinsa suna tsakaninta da motoci. Da suka kai tsakiya ya zagayo, ya koma ɓangaren da motoci ke tahowa. Har bakin lungu.

Kanari ta saki kariyar ta wuce abinta, fuska a ɗaure.

Auta ta iso tana haki, ta rungume ta har sai da yarinyar ta yi ƙara.

"Tun yaushe? Tun yaushe yake sauke ki a can?"

"Kullum. Ya ce in zai juyo sai ya je shataletale, kuma oga na jiran mota."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ai in na faɗa sai na faɗi wanda yake tsallakar da ni. Kin ce kada a ƙara kiran sunansa." Ta turo baki. "Ba ma magana fa, Umma. Amma yana zuwa."

Auta ta sassauta rungumar. Ta ɗago, hawaye ya wanke mata fuska. Mai Keke na tsaye nesa kaɗan, riƙe da takalminta da ya tsinto.

"Na kira, wayar ba ta shiga," ya ce a hankali. "Tun ranar farko na zo ƙofar gida na gaya wa matar yayanki. Ta ce za ta isar. Da na ga shiru sai na ce to, ni dai ƙafata ba ta da nisa."

"Ka rufe shago kullum?"

"Faci ai yana jira."

Auta ta dube shi. "Allah Ya... Allah Ya saka..." Sai kuka.

"Haba hasken idona, a titi? Za a ce ni na sa ki."

Ya tsuguna gaban Kanari.

"Gimbiya, na yi miki ƙarya ranar nan. Duk masu koyar da keke suna yi, shi ya sa ban ɗauke ta ƙarya ba. Ƙarya ce. Ki yafe wa Kawu."

Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Zan yi tunani."

A gida Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta zaunar da Inna, ta kira Anti, ta faɗi abin da ta gani tiryan-tiryan.

Inna ta juya ga Anti.

"An ba ki saƙo?"

"Inna, ai... na ɗauka neman hanyar dawowa yake. Kin san irin mutanen nan..."

"Jikata ce a bakin titi, ke kina tsaron soyayyar yayanki? Tashi ki ba ni wuri kafin bakina ya suɓuce."

Da aka kira Mai Jif, cewa ya yi, "Kai, direbobin nan! Zan canza wani. Ita yarinyar, me ma sunanta, ba abin da ya same ta ai?"

"Babu," in ji Auta. "Na gode da ɗawainiya. A bar motar ta huta."

Ranar Asabar ta koma filin bayan shago, Kanari na riƙe da gefen mayafinta.

"Ta ce ba za ta ƙara hawa ba. To ni za ka fara koya wa, tana kallo."

Ya zaro ido. "Ke? Ke da ko ƙararrawa aka kaɗa sai kin yi salati?"

"Za ka koya mini ko in nemi wani shagon?"

Ya fito da keken mata mai kwando a gaba, ya sauke sirdin har ƙafafunta suka taɓa ƙasa, ya ɗaura mata hular kwano a kan ɗankwali. Ta hau tana bismillah, kan keken na rawa kamar an jona masa wuta.

"Wayyo! Kana riƙe?"

"Ina riƙe."

"Kanari, duba mini!"

"Yana riƙe, Umma! Hannu biyu!"

Suka yi ta zagaye, gumi ya jiƙa masa riga. Can ya ce, yana haki, "Sahibata, kin iya fa. Nauyinki ya bar hannuna tuntuni. Ba zan ɗaga ba sai kin ce."

Auta ta ƙara damƙe kan keken. Ta hango 'yarta ta zuba mata ido.

"To... ɗaga."

Iska ta daki fuskarta. Ta tafi, ta tafi, tana ihu tana dariya, har ta isa jikin katanga ta matse birki ta dire ƙafa. Kafin ta juyo, Kanari ta riga ta janyo ɗan jan kekenta.

"Kawu, na gama tunanin."

Inna ce ta rage. Ranar ganin likitan gwiwarta aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kullum sai an tallabo ta har bakin titi, ranar kuwa kwalin ashana ta shigo lungun ta tsaya daf da dakali. Inna ta zagaya ta da ido.

"Wannan abar za ta ɗauke ni?"

"Har da sandarki, Inna."

Abin da suka tattauna a hanya babu wanda ya sani. Da suka dawo dai Inna ta zauna ta daɗe tana murza gwiwa, sannan ta ce, "Auta, na tambaye shi abin da ya mallaka, ya faɗa mini bai ƙara ko allura ba. Ki ce ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure ba hayaniya.

Yanzu in ayarin safe ya wuce, za ka ga wata mai farin kayan asibiti a can baya, kwandonta ɗauke da jakar makaranta, tana tsawata wa 'ya'yan mutane su shiga layi. Abokan aikinta da suka fara da dariya, biyu sun riga sun yi odar nasu.

Wata safiya aka sake tashi da ruwa, suka fita su uku a 'yar motar. Yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, Kanari na baya tana zana abu a jikin gilashi. Ba ta ko ɗago ba ta ce,

"Abba, ka ƙara wuta mana, za mu makara."

Motar ta yi tsalle ta mutu.

Ya riƙe sitiyari, ya kasa juyowa.

"Me... me kika ce, gimbiya?"

"Na ce za mu makara, Abba!"

Hon ya kaure a bayansu. Wani mai tasi ya leƙo yana masifa. Auta ta sa gefen mayafinta tana share masa ido, nata na zuba, tana faɗin alhamdulillahi a ƙasan maƙoshi.

"Tayar da motar, rabin raina," ta ce tana dariya. "Kai da kake yaƙi da cunkoso, yau ga shi ka haɗa naka."