Aksul ɗin da Ya Ɓata

Rana ta take tsaka lokacin da aka buga wa caji ofis waya cewa mota ta faɗa wa mutum a gareji. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya biyo shi.

Garejin rumfar kwano ce mai warin giris da baƙin mai. A tsakiya ga wata a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu ta durƙusa da hanci kamar raƙumi, babu tayoyin gaba. Daga ƙarƙashinta ƙafafun mutum ne suka leƙo, takalmi ɗaya ya cire.

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma wannan sai da ya tsaya yana kallonta, domin hannun mamacin na riƙe da sifana gam.

"Wa ya fara ganin sa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji wani mutum mai tabarau baƙi a goshi. Mai walda ne, ƙanin mamacin. "Yayana ne. Shi ne mai garejin."

"Aikin me yake yi wa motar?"

"Aksul ake canja mata, ƙarfen nan da ke ɗauke da ƙafafu. Mai ita ya ce a cire na kamfani a sa manya, har da hob ɗin da ake ɗaure taya a jiki. An gama na baya. Na gaba ne Yaya ke shirin ɗaurawa."

Sufeto ya tsuguna. Jak ɗin da ke ɗage motar bai karye ba. Kwance shi aka yi. Turakun ƙarfe biyu da ake tokare mota da su suna can gefe, kuma ga sawun jan su a kan man da ya zuba a siminti.

"Saje, ka taɓa ganin turke ya ja kansa?"

"Ko a mafarki, yallaɓai."

Bayan an ɗaga motar an tafi da gawar, Sufeto ya zagaya rumfar. Tsohon aksul ɗin baya na jingine da bango. Na gaba babu shi.

"Ina ɗan'uwan wannan?"

Mai walda ya kau da kai. "An sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa."

"Su ɗauki ɗaya su bar ɗaya? Kai kana ina da abin ya faru?"

"Na je sayen wayar walda. Ban ga kowa ba. Wallahi ban ga kowa ba."

Idonsa ba a kan Sufeto yake ba, a kan titi yake. Duk motar da ta wuce sai ya zabura.

Mai motar ɗan kwangila ne mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Ofishinsa sanyi ƙalau, ya tari Sufeto da fara'a, ya yi ta'aziyya har da goge ido.

"Me ya sa ka canja aksul, Alhaji?"

"Nauyi. Bututu muke lodawa mu shiga daji. Na kamfani ba sa jurewa."

"Tsofaffin sun lalace ne?"

"Lafiyarsu lau. Riga-kafi ne kawai. Ni ban ma san hanyar garejin ba, direbana ne ke kai ta." Ya yi murmushi. "Af, ba 'yarka ce nake gani da safe tana jiran mota a gaban gidan mai ba? Mai jan mayafi? Ka riƙa sa ana raka ta, titin nan ba kyau."

Sufeto ya tsura masa ido. Bai taɓa gaya wa mutumin nan yana da 'ya ba. Ya miƙe, ya yi sallama da murya daidai, ya shiga mota. Ya kira matarsa ya ce kada yarinyar ta sake fita ita kaɗai, bai faɗi dalili ba.

Direban suka samu a gida, yana kwance a tabarma, hannun dama cikin filasta tun daga kafaɗa.

"Yaushe rabonka da tuƙi?"

"Tun watan jiya, yallaɓai. Bututu ne ya faɗo mini. Ko cokali da hagu nake riƙewa."

"To wa ke tuƙa motar?"

Direban ya dubi matarsa da ke bakin ƙofa, ya runtse ido. "Ku tambayi mai ita. Ni ina da yara."

'Yan gwangwan kuma suka rantse ba wanda ya kawo musu aksul. Sufeto ya koma gareji kafin la'asar, ya sa Saje ya ja ƙofar kwano ya tsaya a waje.

"Yanzu ba mai ganin ka," ya ce wa mai walda. "Wanda ya kashe yayanka ya san kana da ido. Kana zaton zai bar ka ka tsufa?"

Mutumin ya zube ƙasa yana kuka kamar yaro. Da ya samu numfashi ya tashi, ya nufi bayan rumfa, ya yaye wasu ruɓaɓɓun tayoyi. Ga aksul ɗin gaba nan an naɗe da tampol.

Ya lanƙwashe ta ɓangaren dama, hob ɗin ya tsage. A cikin tsagar akwai guntun sarƙar babur da ya maƙale, tare da ƙyallen farin yadi da ya bushe da jini.

Sufeto ya tsuguna ya duba ƙyallen da kyau. Kwanakin baya an tsinci gawar wata ungozoma a cikin kwalbati a hanyar ƙauye, da farin kayan aikinta, babur ɗinta ya zama kamar gwangwani. Tana hanyar zuwa karɓar haihuwa ne. Sufeto aka ba binciken, kuma har yau bai samu ko sawun taya ba.

"Yaya ya gani da ya kwance hob ɗin," in ji mai walda. "Ya ce in ɓoye shi. Sai ya kira Alhaji ya ce ya zo su je wurinku tare, ya fi masa mutunci. Ni ina bayan rumfa, ina jin su. Alhaji ya ce to, bari ya gama ɗaura sabon su tafi. Yaya ya koma ƙarƙashin mota, sai na ji ana jan ƙarfe." Ya toshe bakinsa da hannu. "Da Alhaji ya fito muka haɗa ido. Ya ce in na buɗe baki, da ni da matar Yaya da 'ya'yansa duk hanya ɗaya za mu bi."

Sufeto ya aika a ce wa ɗan kwangila ya zo ya karɓi motarsa, an gama bincike, haɗari ne. Bai daɗe ba ya iso, yana ƙamshin turare. Saje ya ja ƙofa a bayansa.

"Na ce ban san hanya ba, sai da na yi tambaya," ya ce yana dariya.

Sufeto ya nufi inda ya sa aka shigo da tsohon aksul ɗin. Ya yaye tampol ɗin.

Dariyar ta mutu. Ɗan kwangila ya kafa wa ƙarfen ido, gumi ya keto masa.

"Wannan naka ne?"

"Dutse na hau. Daji ne, kowa na hawa dutse."

"Ka ce direbanka ne ke tuƙi."

"Ranar ni ne... To ita ma ai laifinta ne! A kwana ta ɓullo mini, ko hon ba ta yi ba!"

"Ita wa, Alhaji? Ban ce maka mace ba."

Ɗan kwangila ya juya zai ruga, ya yi karo da ƙirjin Saje. Ya zauna daɓas a cikin baƙin mai.

"Tana numfashi lokacin da na sauka," ya ce da ƙyar. "Na ji tsoro, na ja ta cikin kwalbatin. Na ce in an canja ƙarfen shi ke nan. Shi kuma mai garejin ya ƙi ji. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi. Turakun na fara ja, sannan na kwance jak. Sau ɗaya ya kira ni."

Mai walda ya rarumi guduma. Sufeto ya sha gabansa, ya riƙe masa wuyan hannu da dukan ƙarfinsa har gudumar ta faɗi.

"Gidanku ya ishe shi gawa ɗaya," ya ce masa a hankali.

Saje ya danna ankwa, ya tasa ƙeyar ɗan kwangila zuwa mota, farar rigarsa ta yi baƙi ƙirin ta baya. Makanikan layin suka fito suka yi cirko-cirko.

Mai walda ya share fuska da gefen riga. "Ranka ya daɗe, matar Yaya na can tana cewa ƙaddara ce, mota ce ta zame. Wa zai gaya mata?"

Sufeto ya dubi sabon aksul ɗin da ke ƙasa yana ƙyalli, ko noti ɗaya ba a ɗaura masa ba.

"Rufe garejin," ya ce. "Tare za mu je."