Gidan Gaba a Jirgin Makka

Tun da Allah ya kafa Kurfi ba a taɓa wulaƙanta babban mutum kamar yadda aka wulaƙanta ni ba. Ni Sodangi, dillalin hatsi na kasuwar Dutsin-Ma, a ce an ɗaura auren ɗan yayata, kowa ya cika aljihu da goro, ni a miƙo mini ƙwaya ɗaya, ita ma mai tsutsa! Ku saurara ku yi mini shari'a.

Mamuda ɗan Yaya Dada ne, maraya, ni nake tsaye a kan al'amuransa. Ranar da ya dawo daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, na iske shi a tsakar gida, tuwo a gabansa ya ƙi ci.

"Kai kuma lafiya? Ba ka ci jarrabawar ba ne?"

"Na ci, Kawu, ga lasin. Intabiyun babban kamfanin jiragen sama ne. Sun ce awoyin da na yi a sama ba su isa su ba ni babban jirgi ba. Ko in karɓi aikin ofis a filin jirgi na Kano, da yunifom da albashi mai kyau, amma ba tashi. Ko in tafi ma'aikatar gona in riƙa tuƙa ƙaramin jirgin feshi, in tara awoyi, in dawo."

"To ina abin tunani? Karɓi yunifom!"

"Wanda ya zauna a ofis hannunsa mutuwa yake yi, Kawu. Ba ya ƙara komawa sama."

Yaya Dada ta share ido da bakin zane. "Ni dai ƙasa ta fi mini kwanciyar hankali. Sannan ga maganar Rahamatu."

Nan gizo... a'a, nan ne wahalar take. Rahamatu 'yar Malam Garba ce, babban manomin dawa a Kurfi, kuma ita da Mamuda tun suna ƙanana suke son juna. Kun san al'ada, yaro ba ya haɗa ido da wanda zai zama surukinsa, balle su yi magana. Duk abin da zai fito daga wannan gida zuwa wancan, a bakina yake bi.

Da na kai labari, Malam Garba ya miƙe tsaye a zaurensa.

"Feshi? Mai feshin magani zan ba 'yata? Ni da na gama gaya wa mutanen masallaci surukina zai kai ni Makka a gidan gaba! Ka gaya masa, in ba babban kamfani ba, babu aure!"

Na ce to, na dawo na isar da saƙon, ban da maganar gidan gaba, don ban ga amfanin tsawaita zance ba.

Mamuda ya rame a 'yan kwanaki. Ran kasuwar Kurfi da la'asar ya je zance, ni ina zaune nesa kaɗan, kunnena kuwa ba nesa yake ba.

"Rahamatu, na yanke shawara. Ofis zan karɓa."

"Saboda ni?"

"Saboda wa kuma? Baba ya ce babban kamfani, ai ofis ɗin ma nasu ne."

Hawaye suka zubo mata. "Tun muna yara in jirgi ya wuce kai kaɗai ne ba ka ɗaga masa hannu, sai ka tsaya kana kallo har ya ɓace. In na aure ka kana ofis, kullum jirgi ya tashi ni za ka kalla. Wallahi ba zan iya ba!"

"In Baba ya ba wani fa?"

"Bai taɓa yi mini dole ba, fushi dai yake. Ka tafi, Mamuda — zan jira."

Ya tafi. Jiran kuwa bai zo da sauƙi ba. Malam Garba ya hana a ambaci sunansa a gidan. Sa'o'inta duk suka yi aure, a bakin rijiya ana yi mata habaici: "Ina matar kyaftin? Ko mijin yana can yana kashe sauro?" Masu neman aure suka yi ta zuwa, tana gaishe su da ladabi, tana ba su haƙuri. In an ce wani ƙaramin jirgi ya faɗi wani wuri, ko a wace ƙasa ce, ranar ba ta cin abinci.

A damina ta biyu, dawa ta fara nuna, sai jan-baki suka sauka. Tsuntsaye kamar hadari, daga Wurma har Ɗantutture! Aka fita da gwangwani da majajjawa, aka yi ihu har murya ta dushe, a banza. Malam Garba ya tsaya a bakin gonarsa yana salati, abincin shekara na tafiya a gaban idonsa.

Gab da magariba, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwancinsu a fadama, aka ji ƙara. Wani ɗan jirgi ya ɓullo ƙasa-ƙasa, kamar zai goge kan giginya.

"Shi ne!" in ji Rahamatu. "Wayyo Allah, zai taɓa itace! Inna, ki ce ya ɗaga!"

Ta durƙusa ta rufe ido. Jirgin ya nutsa cikin fadama, muka daina ganinsa. Ni kaina sai da na cire hula. Can sai ga shi ya taso, farin hayaƙi na bin bayansa, ya kewayo ya sake komawa.

Dawar Kurfi ta tsira. Washegari Malam Garba ya aiko a kira ni.

"Sodangi, wanda ya sa ransa a kan abincin mutane ba a hana shi mata. Ku turo."

Kafin a sa rana kuma awoyi suka cika, babban kamfani ya kira Mamuda, ya zama mataimakin kyaftin. Kun ga ribar haƙuri ke nan: yarinya ta zaɓi abin da zai gyara mijinta a kan abin da zai gaggauta aurenta, Allah ya haɗa mata duka biyun. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Iyaye kuma ku riƙa bincika magana kafin ku gina sharaɗi a kanta.

Ranar ɗaurin aure, an shafa fatiha, Malam Garba ya dubi abokin ango, wani matuƙi da ya zo daga Kano.

"Yaro, bana sai Makka. Gidan gaban nan na surukai, mutum nawa yake ci? Ina son tafiya da liman."

"Gidan gaba, Baba?"

"Kusa da direba mana, kyauta, kamar a mota!"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba, babu shi a jirgi. Ko mahaifiyar kyaftin sai ta yanki tikiti. Wa ya gaya maka haka?"

Na ce a raina yau aure ya warware. Malam Garba ya daɗe yana kallona.

"Shekara biyu 'yata tana kuka," ya ce a hankali. "Aure dai ya ɗauru, don dawa na ba shi, ba don kujera ba. Mai rabon goro, Sodangi guda ɗaya za ka ba shi. Ka zaɓo masa."

To, gaskiya ni na faɗa wa Malam Garba maganar gidan gaban, a rumfata, ranar da ya ce hular da na sa ta yi mini kyau. Ni na ce har liman ma zai samu wuri. Amma ku duba mana, a tashar Dutsin-Ma haka ake yi! Ina laifin mutum in ya zaci sama ma akwai mutunci?

Goron dai na cinye shi, tsutsar kawai na cire.